Mushe Silima da Ɗan Fari

Na daɗe ina shakkar wai kallon silima na ƙara wa mutum wayewa. Da na dawo Dogon Dutsi bayan samun 'yanci, sai aka ce in je in ga Mushe Gado, wato Malam Gado da Faransanci, shakkata za ta warke.

Kai, Allah ya yi mutum a nan! Magatakarda ne a biro, wato ofishin gwamnati, ɗan wani manomi a ƙauyen Ɗan Kassari, amma tun da ya ɗaura karabat a wuya ya daina jin warin gero. An taɓa tura shi Yamai koyon bugun tafireta, can ya shiga silima sau guda. Wannan shiga ita ce hajjinsa, har gari ya raɗa masa Mushe Silima, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Kullum in an tashi aiki sai ya tsaya gindin tsamiyar bakin biro ya ba da labarin. Wai wani saurayin Bature ne aka dire masa jinjiri ba zato, aka ce nasa ne. Ya ruɗe, ya ƙona madara, wata kyakkyawar maƙwabciya ta taimake shi, ƙarshe ya ɗaga yaron sama yana dariya, suka yi aure.

"Ku duba ku gani!" in ji shi, yana kaɗa yatsa. "Wanga shi ne sibilizasiyo, wayewa ke nan. Ku kuwa, a haifa muku ɗan fari, ku duƙar da kai kamar kun yi sata. Ba ku ɗaukarsa, ba ku faɗin sunansa, wai kunya. Ƙasa ta samu 'yanci, ku kuna nan cikin duhu!"

Don kada jahilai su kasa ganewa, yakan karɓi kabewa daga tallar wata, ya ɗaga ta sama, ya sumbace ta a goshi. Duk wannan wa'azi kuwa kunne ɗaya ake nema, na Zalihatu mai koyon ungozoma a asibiti, wadda hanyarta ta gida ta bi ta tsamiyar. Ita a saninta Mushe gwauro ne, kuma ya riga ya fara aika goro gidansu.

Ran kasuwa, yana tsakiyar sumbatar kabewa, Zalihatu na tsaye tana murmushi, sai ga wani tsoho ya ja jaki ya tsaya. Rabo ne, baffan Mushe. A bayansa wata mace ce da goyo, Lantana, matar da Mushe ya ajiye a ƙauye don wai ba ta dace da kujera ba. Bara da kaka ya leƙa gida hutu, bai sake waiwaya ba.

"Gado," in ji tsohon, "mun aika, shiru. Mun yi suna, shiru. To ga ɗanka, mun kawo ka gani."

Ya kwance goyon ya miƙo. Yaro kuwa bai bar wa kowa gardama ba, kunnuwan nan fatan-fatan na Mushe ne, kamar an yanka an liƙa.

Tukur mahauci ya tafa hannu. "Mushe, ga silima ta zo har gida! Aje kabewa, ɗauki na gaske!"

Jagoran wayewa ya dubi yaro, ya dubi Zalihatu, ya dubi ƙasa. Ya ce yana da aiki na gaggawa. Ya shige biro rungume da kabewar mutane, ya fita ta tagar baya. Karabat ɗinsa ta maƙale a ƙusa, ya bar ta nan tana lilo.

Zalihatu ce ta karɓi jinjirin, ta ɗaga shi sama, ta yi masa wasa. Ta kai Lantana inuwa ta ba ta ruwa. Kafin la'asar goron Mushe ya komo masa a ƙwarya, ko ɗaya ba a ɓantara ba.

Da na same shi kashegari, wuya tsirara, na tambaye shi, "Mushe, me ya hana ka ɗaga shi sama yadda Baturen ya yi?"

Ya gyara zama, ya dube ni da tausayi.

"Haba Malam, kai dai karatun nesa ya ɓata ka. Ɗan fari ne fa. Ba ka san muna da al'ada ba?"