Kwal Ba Ya Zuwa Sai Gida Mai Lamba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Kwal na Harbottle da 'Ya'yansa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda mai rawar ɗari ke yi wa mai ofis mai ɗumi, ina fatan kana lafiya, kai da na'urarka. Ni ne Clive Pennock. Shekara ashirin da biyu muna zaune a cikin jirgin ruwa, ni da matata Glenys, wadda ƙirjinta ba ya shiri da sanyi. Tun kafin sanyin bana ya kama, 'yarmu ta yanke hukunci: in uwarta ta sake tari irin na bara, za ta ɗauke ta zuwa gidanta na bene a birnin Leeds. Ka ga ke nan kwal a wurinmu ba kayan ado ba ne.

Na ɗaya. Ina jinjina wa hikimarka ta sallamar tsoho Wilf da jirginsa na tallan kwal. Mutumin ya cika ɓata lokaci. Ya san jirgin da ke da jariri da wanda ke da mara lafiya, kuma ko ba ka nan zai ɗora maka buhunanka a saman jirgi ya wuce. Ina amfanin wannan a zamanin na'ura?

Na biyu. Yanzu mota ke kawowa, kuma sai ka ba da lambar gida. Na buga waya na shaida wa yarinyar ofishinku cewa a jirgi nake. Ta ce, "To Baba, jirgin naka a wane layi yake?" Na ce, "A kan ruwa yake, 'yar nan, kuma doka ta ce duk sati biyu in kwance shi in matsa gaba." Ta ce, "Ai kuwa sai ka rage yawo, na'ura ba ta son haka." Da ƙyar mai shagon shayi na bakin gada ya ara mini lambar shagonsa, kuka ce in saurare ku nan da sati uku. Wa ya koya muku lissafi, in je in gaishe shi?

Na uku. Kafin nan na sayo buhu biyu a shagonku, na turo su a baro. An rubuta musu "marar hayaƙi", kuma ba ku yi ƙarya ba. Babu hayaƙi, babu wuta.

Na huɗu. Wannan wautata ce, amma ku kuka aike ni. Iska ta kayar da bishiya a bakin ruwa, na ɗauki zarto da gatari, kwana uku ina faskare da shekaruna sittin da tara. Itacen ɗanye sharaf, sai kumfa yake a murhu. Na jera shi a saman jirgi ya sha iska kamar yadda kowa ke yi, haɗama kuma ta sa na ƙara layi ɗaya. Ranar da sati biyunmu ya cika na tayar da jirgi, gadar da na san tsayinta kamar yunwar cikina ta share itacen tas cikin ruwa da muka zo wucewa ƙarƙashinta, har da bututun hayaƙi. Glenys ta leƙo da bargo a kafaɗa ta ce, "Sannu direba. Kifaye sun gode, bana su ma za su ji ɗumi." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin kuma bai tsaya ba.

Ranar Talata 'yarmu ta zo da mota. Glenys ta dafa bakin jirgi ta ce, "Kada ka sayar da shi, ka ji? Da ɗumi ya yi zan dawo." 'Yarmu kuwa, na ga ta kwashe har takalman uwarta na bazara. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Ranar Alhamis motarku ta iso, ta zube buhu ashirin a ƙofar mai shayi, mil huɗu a bayana. Na gode ƙwarai da cika alkawari.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ka turo a kwashe goma, kada su lalace a ruwa. Ragowar sun ishe ni, kujera ɗaya ce yanzu a gaban murhun.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har gwiwa ta ƙage,

Clive Pennock