Bitamin ɗin Baba a fangalin albasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da direban motar tumatir ya zo ƙofar masaƙar da nake aiki a Kano ba. Ya ce jikin Baba ya yi tsanani, in zo gida. Bai kalle ni ba da yake maganar, sai na gane. Kafin in isa ƙauyenmu, gefen Kura, an riga an kai shi makwancinsa.

A shekarun ne aka kawo ruwan dam, kowa ya koma noman rani. Baba yana fama da ciwon gwiwa, zuciyarsa kuma tana yawan bugawa. Wani mai kemis ya haɗa mini bitamin iri biyu: farar ƙwaya don ƙashi, da 'yar rawaya mai man kifi don zuciya. Ya ce tare ake sha, ɗaya tana taimakon ɗaya. Duk zuwana gida sai na kai, Baba kuma ya miƙo mini kwalaben da suka ƙare, ya sa mini albarka.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, wani ya ce ai ciwon tsufa ba ya jin magani. Na so in yi shiru, ban iya ba. (Ina jin so nake a shaida cewa ban bar mahaifina ba, duk da na tafi birni.) Na gyara zama, na shiga yi wa dattawa bayani, yadda fara ke shiga ƙashi, rawaya ta bi jini. Har na sa aka ɗauko kwalaben. Na ce Baba kullum yana sha, bai taɓa tsallake rana ba.

Baffa Sule, aminin Baba, wanda gonarsu ke haɗe, ya yi gyaran murya.

"Ɗana, sha ka ce?"

"Sha, Baffa. Ga kwalabe."

"To. Ƙarewa dai sun ƙare."

Wani ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Liman ya ce, "Malam Sule, ka faɗa masa mana, ai hakkinsa ne."

Baffa ya ce malaman gona ne suka koya musu: in an kawo sabon taki, ba a zuba wa gona duka, sai an gwada a fangali ɗaya. Baba ya ce in haka ake wa ƙasa, jikin mutum ya fi cancanta. Sai ya ware fangali uku na albasa. Ɗaya yana binne masa fara, ɗaya rawaya, na ukun kuma ya haɗa masa, yadda na ce.

"Safe da yamma," in ji Baffa. "Gaskiyarka, bai taɓa tsallakewa ba."

"Albasar yake ba?"

"Har da bismilla. Matsalar kawai kyanwoyi. Sun ji ƙarnin kifi, duk na unguwa suka tare a gonar, suna tono. Sai da muka yi wa mai rawayar shingen ƙaya."

Ba a dariya a wurin makoki, amma ranar an yi, a hankali, kowa ya toshe baki da bakin rawani ko hannun riga. Ni kuwa ina zaune da kwalba a kowane hannu, na rasa inda zan ajiye su. Wani ya tambaye ni ko akwai ta tumatir.

Da la'asar Baffa ya kai ni gonar. Na ga fangalayen, kowanne da ƙaramin kara a tsaye, da alamar da Baba ya yi masa da wuƙa. Na ukun ya ɗan fi kore, ko kuma idona ne.

Tun daga lokacin, in na sayo wa wani manomi magani, ina tsayawa sai na ga ya haɗiye.

Da za mu juyo, Baffa ya ce, "Babanka ya ce in na haɗin ya fi, to ɗansa ya yi gaskiya, da an cire albasa zai fara sha."

Albasar ba ta kai cirewa ba.