Jikokin da Na Ɓoye wa Madam Zenaba

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban Madam Zenaba ina nuna gwaninta ba. Lokacin ina aiki a wani ɗan kamfanin rubuta manhaja a unguwar Bololo, mu kaɗan ne a ofishin, kuma ni kaɗai ce Bahaushiya. Faransanci da Larabcin Cadi muke yi a wurin aiki, Hausa sai na koma gida unguwar Milezi. Bari in faɗa tun yanzu, na iya aikina. (Har yau na iya. Kame baki ne ban iya ba, ko da a cikin kwamfuta ne.)

Madam Zenaba babbar 'yar kasuwa ce, tana saro tukwane da tuluna daga ƙauyen Gaoui tana raba wa otal-otal da masu shaguna. Ta ba mu aikin manhajar da za ta riƙa rarrabe mata masu sayen kayanta. Ba ta taɓa magana da ni kai tsaye ba, patron ɗinmu, wato mai kamfanin, shi ke zuwa wurinta ya dawo da saƙo. Yau ya ce tana son maɓallin manhajar ya zama ja, gobe ya ce kore, jibi ya ce a mayar ja. Ni kuwa ina zaune ina cika ina batsewa.

Ga wanda bai san aikin ba, a Python, yaren kwamfutar da muke rubutu da shi, muna gina abin da muke kira classe, ka ɗauke ta kamar uwa. Na yi uwa mai suna Client, wato mai saye, na fitar mata da 'ya'ya masu gadon halinta: Hotel, da Revendeur ta masu sari, da Particulier ta mai sayen tulu ɗaya ya yi gaba. Akwai kuma ta gwaji, ClientEssai, wadda a ƙarƙashinta nake ƙirƙirar na wasa don in ga ko komai na tafiya daidai. To a nan nake huce haushina. Duk ranar da patron ya kawo sabon saƙo, sai in ƙirƙiri sabuwa in raɗa mata suna da Hausa. Wa zai karanta? Brahim, abokin aikina da ke zama kusa da ni, in ya leƙo ɗauka yake wasu kalmomin fasaha ne da bai kai gare su ba.

Ranar nuna aiki ta zo. Madam ta iso cikin lafaya mai ruwan zuma, aka kawo mata shayi, aka haska fuskar kwamfutata a jikin bango. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na rubuta Client.__subclasses__(), umarnin da ke kawo 'ya'yan uwa. Suka fito reras. Na yi bayanin kowacce, na ce ta ƙarshen ta gwaji ce kawai, kada ta damu da ita.

Sai Madam ta tambaya da Larabci, ina masu sarin da ke tsallaka kogi da kaya zuwa garin Kousseri, don ba ta gan su ba. Na yi murmushi irin na wanda aka yi masa tambayar da yake jira. Na ce ai su suna ƙarƙashin Revendeur ne, jikoki ke nan, shi kuwa wannan umarnin 'ya'yan cikinta kawai yake kawowa. Patron ya fara cewa za mu nuna mata su wani zaman. Na katse shi (ni da kaina, ba wanda ya aike ni) na ce yanzu-yanzu za ta gani. Nan take na rubuta 'yar dabarar da ke tambayar kowace ɗiya nata 'ya'yan, su ma a tambaye su nasu, har zuri'a ta ƙare. Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Brahim har da jinjina min.

Na danna. RevendeurKousseri ta fito yadda na yi alkawari. A ƙasanta kuma, da manyan baƙaƙe a jikin bango, ga MadamCanzaRaayi, ga MadamJaKoKore, ga MadamBaTaSanAbinDaTakeSoBa. Na manta ban cire layin da ke ɗauko fayil ɗin gwaji ba.

Na dake. Na ce a raina ai ba mai jin Hausa a ɗakin nan. Har na buɗe baki na ce da Faransanci waɗannan sunayen fasaha ne na gwaji, ba su da wata ma'ana.

Madam ta ajiye kofin shayi, ta ciro tabarau daga jaka ta saka. Ta karanta na ƙarshen a hankali, kalma-kalma, da Hausar da ta fi tawa daɗi. Sannan ta dube ni.

"'Yata, wace Madam ce wannan da ba ta san abin da take so ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Patron yana ta duban fuskokinmu yana tambayar "Da shunu?", wato mene ne wannan. Madam ta ce ai mai raɗa suna ita ta fi cancanta ta fassara. Haka na tsaya na fassara su da Larabci ɗaya bayan ɗaya. Brahim ya sunkuya ƙarƙashin tebur wai yana gyara waya, kafaɗunsa na girgiza.

Na gama sallamawa cewa kwangila ta tafi, aikina ma ya bi ta. Amma Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kakanta daga Katsina ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a nan bai ƙara gaba ba, kuma har yau Hausa ake yi a gidansu. Sannan ta ce:

"Na san abin da nake so sarai. Cewa na yi kayan da za su yi nisa a sa musu ja don a ƙara musu ciyawa kada su fashe, na cikin gari kuma kore. Ban taɓa maganar maɓalli ba."

Wannan karon patron ne ya shiga gyaran hularsa. Ni dai na ce, "Hajiya, ki yafe min," na kuma faɗa, ta ce ya isa. Ba ta janye aikin ba, sai dai ta kafa sharaɗi cewa daga ranar ni zan riƙa zuwa shagonta da kaina in ji daga bakinta. Cikin ɗan lokaci muka gama abin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai dai duk sanda na shiga shagon, sai ta ce wa ma'aikatanta su ba ni kujera, ga mai raɗa suna ta iso.

Yanzu duk abin gwajina Essai nake sa masa, in bi shi da lamba, ko da raina ya kai maƙura wajen ɓaci. Kuma a garin nan, kafin in yi gulmar mutum da Hausa, sai na fara ce masa "ina wuni" in ga ko zai amsa.