Amaryar Boko Ta Cinye Mini Fim

Ba zan taɓa mantawa da bikin farko da aka ɗauke ni aikin hoto ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A Gagarawa Tasha aka yi shi, shekara biyu bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira, lokacin ban fi wata uku da buɗe shago a Gumel ba. (Na ce shago ne don in girmama kaina. Zauren kawuna ne, na rataya labule mai zanen jirgin sama, na toshe tagar wani ɗan ɗaki da tsumma ya zama wurin wankin hoto.)

Kafin in kai ga abin kunyar, sai na gaya muku wane ne Isuhu, don in ba shi babu labarin. Tare muka koyi aiki a Kano wurin maigida ɗaya, tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Ɗan Maigatari ne, mahaifiyarsa mutuniyar Damagaram, saboda haka ba ya buɗe baki sai ya fara da "bon", wato "to" da Faransanci. Na riga shi zuwa da wata shida cur, ni na nuna masa yadda ake saka fim a kyamara, amma kafin shekara ta zagayo maigida ya koma cewa, "Je ka duba yadda Isuhu ya yi." Da muka gama, ya koma garinsu ya buɗe shago na gaske mai ƙofar gilashi, wani ɗan uwansa ya kawo masa kyamara mai walƙiya daga ƙetaren iyaka, ya kuma sayi babur. Ni kuwa keke gare ni, da tsohuwar kyamara mai ido biyu, irin wadda ake rataya a wuya a riƙe a ciki, a sunkuya a leƙa ta sama.

In faɗi gaskiya, ƙyashinsa nake yi, ba kaɗan ba. Idan mutum ya shigo zaurena ya ce ya ga wani hoto mai kyau a Maigatari, ranar ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Isuhu bai san ina yi ba. Duk ranar da ya biyo ta Gumel sai ya tsaya, ya kawo mini cuku, ya duba hotunana ya ce, "Bon, abokina, hannunka na kyau." Ni kuma in yi ta juya maganar a raina har kwana uku, ina neman inda ya ɓoye zagin.

To, ana nan sai ga Malam Habu, malamin firamare a Gagarawa Tasha, ya zo da kansa ya ce zai yi aure yana son mai hoto. Wa ya ga farin ciki! A wancan lokacin hoton biki sabon abu ne a ƙasarmu, aikina bai wuce hoton fasfo da na samari masu aron agogo ba. Na san in wannan ya yi kyau, duk malaman makaranta daga nan har Sule Tankarkar ni za su nema, in kuwa ya ɓaci, na koma ɗaukar masu aron agogo ke nan har tsufa. Malam Habu bai wahalar da ni ba, abu ɗaya ya roƙa.

"Mai hoto, ko duk sauran sun lalace ban damu ba. Hoton amaryata Hajara nake so, a ranar, cikin kayanta. Da ƙyar mahaifinta ya yarda, ya ce sau ɗaya, ba ƙari."

Na bugi ƙirji na ce ya ɗauka an gama.

Ranar biki na isa tun hantsi, na sha fari tas, da fim guda biyu, kowanne hoto goma sha biyu. (Fim sai an je Kano, ba abin da za ka aika a sayo maka a bakin kasuwa ba ne.) Ina jingine kekena a gindin maina, sai na ji ƙugin babur. Ban ma waiwaya ba, na riga na san Isuhu ne. Ashe kawun amarya ɗan kasuwa ne a Maigatari, shi ma ya ɗauko wa dangin amarya nasu mai hoton.

Isuhu ya rungume ni a gaban mutane, na yi yaƙe. Wurin ɗaurin aure kuwa ya zame mini azaba. Duk lokacin da walƙiyarsa ta haska sai dattawa su ce "Allahu akbar", kowa ya gyara hula ya juya wajensa. Ni ina gefe a sunkuye, ina leƙen cikina kamar mai neman ƙuma a riga. Don kada a ce ya fi ni aiki, duk inda ya ɗauka sai na ɗauka, har wani dattijo da ke gyangyaɗi bai tsira ba. Kafin azahar fim ɗaya ya ƙare, saura ɗaya.

Bayan la'asar aka shirya kai amarya, don gidan ango yana can ƙetaren layin dogo, ba a so duhu ya yi. Aka kawo amalanken shanu aka shimfiɗa masa darduma, makaɗa suka jeru, mata suka cika ƙofar gida. Na kama wuri mai kyau, rana a bayana. Sai na ji an ja ni ta hannun riga. Isuhu ne, ya sa baki a kunnena.

"Bon, abokina, bar nan. Zo mu zaga ta baya. Tun jiya na zo na gai da tsofaffin gidan, sun ce in shigo ta ƙofar garke. Wadda za a fito da ita nan ba ita ce ba. Zo mu ɗauka tare."

Yanzu fa ku ji hankali irin nawa. Ni haifaffen ƙasar nan ne, na san al'adar amaryar boko sarai: a lulluɓe wata a fito da ita ta ƙofar gaba da kiɗa da guɗa, idon jama'a da bakinsu su bi ta, amaryar gaske kuma a sulale da ita ta baya ba wanda ya sani. A bikin yayata ma haka aka yi, ina tsaye. Da wani ne ya gaya mini, ko mahaukacin tasha ne, da na bi shi. Amma da yake daga bakin Isuhu ta fito, nan take zuciyata ta ce: ka ji makirci, so yake ya kai ka bayan gida ka yi ta kallon awaki, shi ya dawo ya tare gaba.

Na zare hannuna na ce, "Na gode, Isuhu. Kowa ya yi aikinsa."

Ya tsaya yana kallona, ya buɗe baki zai ƙara magana, aka rangaɗa guɗa. Ya girgiza kai ya tafi.

Aka fito da amarya a lulluɓe tun daga kai har ƙafa cikin saƙi mai kyau, mata biyu na riƙe da ita, aka ɗora ta a amalanke. Na danna. Na waiga hagu da dama, babu Isuhu. Wani sanyin daɗi ya ratsa ni, na ce a raina yau dai na yi maganinsa, ya je ya ɓuya yana jira in biyo shi, ga shi ya rasa fitowar amarya.

Haka na shiga gaban shanu ina tafiya da baya, kaina a sunkuye. Ita irin wannan kyamara tana juya abu, hagu ya koma dama, saboda haka in na so kauce wa rami sai in faɗa cikinsa. Sau biyu ina zama a yashi, farar rigata ta koma kalar ƙasa, takalmi ɗaya ya tsinke a kan layin dogo na bar shi nan. Ban damu ba. Ina ta ba da umarni kamar wani babban ma'aikaci: "A dakata da shanu! Amarya a ɗan ɗaga kai! A gyara mata mayafi!" Abin mamaki duk abin da na ce sai a yi, matan kuwa suna ta dariya har da riƙe ciki. Na ɗauka murnar biki ce.

Ba wai Allah bai nuna mini alamu ba. Amarya ta yi wani tari mai kauri, na ce ƙura ce. Ta ɗaga gefen lulluɓi ta tofar da tuƙar goro, na ce kowa da yadda yake rage fargaba. Har hannunta na gani a gilashin kyamara, jijiyoyi raɗa-raɗa a ƙarƙashin lalle, na ce wahalar aikin biki ce. Duk hankalina ba ya kan amalanken, yana can wurin fuskar Isuhu, yadda za ta koma in ya ga hotunan.

Muka isa ƙofar gidan ango saura mini hoto ɗaya tak, na ajiye shi don fuska. Unguwa ta taru maƙil. Na durƙusa gaban gwaggon amarya, wadda ke jagorantar matan.

"Gwaggo, don girman Allah a ɗan buɗe fuskar, ko na ƙiftawar ido. Alkawari na yi wa ango."

Ta danne dariya da gefen mayafi ta ce, "Ɗan nan, amaryar tamu kunya gare ta. Roƙe ta da kanka."

Na kuwa roƙa. Da bakin nan nawa na ce, "Haba amarya, farin wata, taimaki bawan Allah." Na saita kyamara, na sa yatsa. Lulluɓi ya yi sama, yatsana ya danna kafin idona ya gama gani.

Tsohuwa ce tukuf. Iya Tabawa, kakar amarya, haƙori uku a bakinta, duka jajaye. Ta kalle ni sama da ƙasa, ta gyara zama a kan darduma, ta ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji:

"Kai, jama'a ku shaida, na yi miji! Shekara ashirin rabon da namiji ya ce mini farin wata. Tun daga gida yake bina da baya, takalmi ɗaya. Maigida, sauke ni mana, ko sai ka sayi bakin?"

Wurin ya fashe. Makaɗa suka ajiye ganga suna dariya, mai shanu ya kwanta a kan karkiya. Ni ina durƙushe, na rasa inda zan sa fuskata, sai na ci gaba da leƙen kyamarar da babu komai a cikinta. A nan na ji wata mata na cewa ai Hajara tana ɗakinta tun ɗazu, a akori-kurar kawunta aka kawo ta.

Yadda na koma Gumel ban sani ba. Kwana uku ban buɗe zaure ba. Na wanke fim ɗin dai, ga Iya Tabawa a lulluɓe har sau goma sha ɗaya, na sha biyun tana wage baki. Ina ta shirya yadda zan fuskanci Malam Habu, wanda a lokacin abin yana ɓoye a gidan abokinsa kamar yadda angwaye ke yi, amma na san labari ya kai masa.

A rana ta huɗu na ji babur. Na ce shi ke nan, ya zo cin fuska. Isuhu ya shigo ya zauna, bai yi dariya ba, bai ce ai na gaya maka ba. (Da ya faɗa da na ji sauƙi, wallahi, ko faɗa ma yi.) Ya ciro ambulan ya ajiye a kan benci.

"Nagatif ne, fim ɗin da na wanke. Na Hajara ita kaɗai. Dangi hotunan taro suke so, na ba su. Wannan kai aka yi wa magana, kai za ka kai. Buga hatiminka a baya."

Na ce ba na so. Ya ce, "Bon," ya tashi ya hau babur ya bar shi nan.

Na so in ce muku na yi zuciya na mayar masa. Ban mayar ba. Na shiga ɗakin wanki, ina kallo hoton na fitowa a cikin ruwan magani: Hajara zaune a bakin ƙofar garke, hasken yamma a gefen fuskarta, ta ɗaga lulluɓi da yatsu biyu, murmushi na shirin ƙwace mata. Ko walƙiyar tasa bai yi amfani da ita ba. Wato ba kyamarar ba ce, ba babur ba ne, shi ne. Na daɗe tsaye a cikin duhun nan, hassada na cina kamar yunwa, sannan na shanya hoton, na buga hatimina.

Malam Habu ya karɓa da hannu biyu, ya ƙura masa ido. Can ya fashe da dariya ya ce, "Kai mai hoto, ashe shaƙiyyi ne kai! Ka riga ka gama aikinka ta baya, sannan ka zo kana taya tsohuwa wasa, har mutane suka ɗauka da gaske ne!" Na yi murmushi irin na wanda aka gano dabararsa. Daga bayan labule sai na ji muryar Hajara, wadda ta san sarai wanda ya tsaya a gabanta ranar, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, mai hoto." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, har yau.

Hoton nan shi ya kafa ni. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar aka riƙa zuwa, kowa da maganarsa ɗaya: "Irin na matar Malam Habu muke so." Na yi shekara talatin da wani abu ina bin bukukuwa, na sayi walƙiya, na sayi babur, na yi ƙofar gilashi, ban taɓa ɗaukar wanda ya kama ƙafarsa ba. Isuhu kuwa bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Duk gidan biki da zan je, sai na je tun ana saura kwana ɗaya na gai da tsofaffi. Kuma na gane cewa abokin sana'a in ya cuce ka, kwana biyu ka huce. Wanda ya rufa maka asiri, shi ne za ka tsufa kana jin haushinsa, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara.