Asabar Ɗin da Na Yi Kyauta da Akushin Baba

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi kyauta da akushin babana ba. Kyautar ma ba a ɓoye ba, a lasifika na yi ta, gaban zaure cike da mutane, ana tafi ina russunawa kamar wanda ya gina wa gari rijiya.

A farkon shekarun casa'in ne. Ina malamin firamare a garinmu Yako, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, da biro uku a aljihun gaba (biyu ba sa rubutu), kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa ƙauye ya yi mini kaɗan. Sai wata rana na ji sanarwa a rediyo cewa wani gidan adana kayan tarihi a birnin Kano zai riƙa shirya lacca duk Asabar a kan tarihin abincin birni da yadda mutanen da suke cin abinci. Kowa na iya zuwa. Kai, sai na ji kamar da ni ake!

Asabar ta farko tun da sanyin safiya aka goya ni a babur zuwa bakin titi, na shiga ƙaramar bas sai Kano. Mai ba da laccar shi ne shugaban gidan, wani siririn mutum mai farin gilashi da kowa ke kira Dakta. Wallahi mutumin nan ya iya magana. Ya ɗauko gurasa, ya ce fataken Larabawa ne suka koya wa birni ita. Ya bi ta kan alkaki da dubulan da miyar taushe, ya kawo yadda gishiri da kanwa ke shigowa a bayan raƙuma. Ni da nake cin tuwo tun ina rarrafe, ban taɓa sanin abin da ake haɗiyewa yana da tarihi ba. Na cika rabin littafi da rubutu. Wanda ke zaune kusa da ni kuma ya raɗa mini cewa gidan na neman ma'aikaci mai ɗan ilimi, wanda zai riƙa zagayawa da baƙi. Nan take na hango kaina da ɗan sanda a hannu ina nuna wa Turawa tukwane.

Da zai rufe, Dakta ya ce mako mai zuwa maganar ciyayya za a yi, don haka duk mai wani tsohon kayan cin abinci a gida ya zo da shi a gani. Ban ƙara jin komai ba. Akushin Baba kawai nake gani.

Bari in gaya maka yadda akushin nan yake. Baƙi ne wuluk, na itace, ƙato, ya sha man miya har yana sheƙi, yana cin tuwon mutum biyar ba tare da an danna ba. A gefe guda yana da tsagewa wadda aka ɗinke da waya. Kullum bayan magariba dattawan unguwarmu suna shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowane gida ya fito da abin da ya dafa, a haɗu a ci. Ciyayya ke nan. Tuwon gidanmu kuwa bai taɓa fita cikin wani abu ba sai akushin nan.

Baba ban ko gwada tambayarsa ba, na san amsar. Inna na lallaɓa.

"Kai ɗan nan, ka rufa mini asiri," in ji ta. "Da me zan fitar da tuwon malam?"

"Inna, kafin la'asar na dawo. Nuna shi kawai za a yi."

Ta naɗe shi a tsohon zane ta miƙo mini, tana cewa, "To, ni dai ban gani ba, ban ji ba."

A bas a cinya na rungume shi har Kano. Da aka zo wurin nuna kaya, wani ya fito da ludayi, wata ta kawo faifai, wani kuma ƙoƙon da ko kaza ba za ta kalla ba. Sai na tashi na kwance zanen nan a hankali. Zaure ya ɗauki "Kai!" Dakta ya cire gilashi ya goge ya mayar. Ya shafa akushin, ya sunsuna shi, ya miƙo mini abin magana ya ce, "Malam, ba mu tarihinsa."

To, a nan ne Shaiɗan ya same ni a tsaye. Gaskiyar magana ban san tarihinsa ba, ban taɓa tambaya ba. Amma ga ido sun fi ɗari a kaina, ga wani mutum ya kafa na'urar ɗaukar magana, ga aikin da nake hange. Sai bakina ya kama aiki ba da izinina ba. Na ce akushin ya haura shekara ɗari biyu. Na ce na kakan kakana ne, madugu, wanda ya sha kai ayari Gwanja sayen goro. Na ce fatake arba'in sun ci tuwo a cikinsa a dare ɗaya (yadda arba'in za su ci tuwon mutum biyar, ba wanda ya tambaya, Allah ya saka musu da alheri). Da Dakta ya nuna tsagewar, ko ƙifta ido ban yi ba na ce, "Sarar takobin 'yan fashi ce, a hanyar dawowa."

Tafi ya ɓarke. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har wani jiri-jiri nake ji. Dakta ya ce abu irin wannan gidan tarihi ya dace da shi, inda jikoki za su gani. Bai roƙe ni ba fa, in faɗi gaskiya. Ni ne na ƙara riƙe abin maganar da hannu biyu na ce, "A madadin mahaifina da dukkan zuriyarmu, na ba wannan gida shi kyauta!"

Aka sake tafi, aka ɗauke mu hoto, wani ya rubuta lamba da farin fenti a gindin akushin, aka sa shi cikin akwatin gilashi aka kulle. Sai da na zauna a bas, zanen Inna a ninke a cinyata ba komai a ciki, sannan hankalina ya dawo daga inda ya tafi yawo.

A gida na ce ana auna shi ne, za a dawo da shi. Inna ta dube ni ta dubi zanen. Ta raba tuwon a kwano biyu na fita da su. Baba ya kalli kwanukan, ya kalle ni, ya yi bisimilla. Kallon nan ya fi mari zafi.

A kwana na uku na lura Malam Ɗanjuma bai fito ba. Maƙwabcinmu ne, tsoho, abokin Baba tun suna yara, kullum shi ke zama a damansa su ci a akushi ɗaya. An ce zazzaɓi ne. Na ce wa Inna bari in je in duba shi.

"Zazzaɓin da ka jawo masa?" in ji ta. "Kai ba ka da ido ne? Tun da matarsa ta rasu, ƙarfinsa kuma ya ƙare, yaushe rabon da a ɗora tukunya a gidan nan? Kwanon da yake fitowa da shi a rufe ya ajiye gefe, ka taɓa ganin an buɗe? Ba komai a ciki. A akushi ɗaya, abokai ne ke cin tuwo. Da ka sa na raba kwano biyu, kowa ya ga ɗayan don shi aka zuba. Ya zama sadaka ke nan. Mutumin da ya ciyar da rabin unguwar nan a zamaninsa!"

Shekara nawa ina zama a gefen tabarmar nan, ga ilimi ga biro uku, ban taɓa gani ba.

Ina cikin neman yadda zan ɓullo wa abin, ranar Alhamis da yamma dattawa na zaune ana jiran magariba, rediyon wani na ta surutu, sai kawai na ji wata murya mai rawa tana cewa, "Sarar takobin 'yan fashi ce!" Muryata ce. Ashe mai na'urar nan daga gidan rediyo yake. Suka sa laccar tun daga kakan kakana har zuwa "a madadin mahaifina". Ba wanda ya yi dariya, don Baba na wurin, amma na ga kafaɗu na rawa. Baba ya gyara zama ya ce, "Jibi tare za mu je. Ina son in ga kayan kakanmu madugu."

Ranar Asabar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Tun daga Yako har Kano bai ce mini komai ba sai "matsa". Muna shiga, Dakta ya hango ni, ya taho da fara'a, ya sanar a lasifika cewa yau ga mai akushi da kansa. Aka yi tafi. Ni kuwa addu'a nake wuta ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba (ranar kaɗai a tarihin Kano).

Baba ya tsaya gaban gilashin ya ce in karanta masa takardar bayanin da aka liƙa a jikinsa. Na karanta da ƙaramar murya. Ya ce, "Ɗaga murya, ai a rediyo ba haka ka yi ba." Na ɗaga. Sannan ya karɓi abin maganar, ya yi sallama, ya gaida manya da ƙanana, ya ce:

"Yallaɓai, ni ne mai akushi. A kasuwar Ƙafin Maiyaki na samo shi shekarar da na yi aure, zabi biyu na ba masassaƙin. Kakana kuwa, Allah ya ji ƙansa, manomi ne, ko Zariya bai taɓa zuwa ba balle Gwanja. Tsagewar nan kuma ga ɗan fashin da ya yi ta a tsaye. Yana ɗan shekara shida aka ba shi ya kawo mini, zakara ya biyo shi, ya yar ya ruga yana ihu. Ko wando babu a jikinsa."

Jama'a, ban san zaure na iya yin dariya haka ba. Wata mata har da riƙe ciki. Mai ɗaukar hoto ya kasa ɗaukar hoto. Dakta ya cire gilashi, wannan karon hawaye yake gogewa. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam, gumi na bin bayana, na rasa inda zan sa idona sai a kan takalmina.

Da dariya ta lafa, Dakta ya ce, "Baba, ko ba Gwanja, abu ne mai kyau. Ba za a bar mana shi ba?"

"A'a, ɗana. Itace ne, in ya kwana biyu bai sha miya ba bushewa zai yi ya tsage. Kuma ana jiransa a gida."

Sai Dakta ya roƙe shi ya ɗan yi bayanin yadda ake ciyayya a wajenmu. Baba, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya yi kusan rabin awa yana magana ba takarda. Ya faɗi wanda ke fara sa hannu, da yadda kowa ke cin gabansa, da dalilin da ya sa baƙo ba ya kwana da yunwa a garin da ake ciyayya. Ya ce amfanin babban akushi shi ne ba a gane wanda ya kawo da wanda bai kawo ba. Bai ambaci sunan kowa ba. Na ga Dakta na rubutu da sauri kamar yadda na yi a makon farko.

Aka buɗe gilashi aka ba shi kayansa. Maganar aiki kuwa ko da wasa ba a tayar ba. Baba dai Dakta ya gayyata ya sake zuwa, shi kuma ya ce sai bayan girbi.

Mun iso gida kafin magariba. Inna ta wanke akushin, ta shafe shi da man gyaɗa, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Baba ya ce ni zan fita da shi, kuma in bi ta ƙofar Malam Ɗanjuma a hankali yadda zai gani. Ba a jima ba sai ga tsohon ya fito da kwanonsa a rufe, ya ajiye gefe, ya zauna a daman Baba. Ya wanke hannu, ya gutsuri loma, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Malam, an ce akushin nan har Gwanja ya je?"

Na ce, "A'a Baba, iyakarsa Kano."

"To, madalla da ya dawo," in ji shi, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Yau akushin yana hannuna, lambar farin fentin na nan a gindinsa, kuma har yanzu shi ke fita ƙofar gida bayan magariba. In 'ya'yana suka tambayi tsagewar, zakara nake ce musu, amma maganar wando nakan tsallake. Abin da na koya dai shi ne, in har za ka ƙaga wa tsohon abu tarihi, ka fara tambayar mai shi. In ba za ka tambaya ba, to ka tabbata unguwarku ba mai rediyo.