Darakta da Kwalin Sabulun Yayarsa

Duk gidan da Allah ya ba ɗa irin Darakta, ya kamata su riƙa godiya safe da yamma. Mutum ne da ba a taɓa ambatar wata sana'a a gabansa ya ce bai san ta ba. Ka ce gini, ya taɓa gyara wa wani injiniya kuskure. Ka ce tuƙin jirgi, saura ƙiris ya koya. Aikin yi ne dai har yau bai samu wanda ya kai darajarsa ba, shi ya sa yake zaune a gidan yayarsa, yana cin abin da ta dafa cikin haƙuri da ƙanƙan da kai.

Muƙamin ma ba wani ne ya ba shi ba. Shi ya naɗa kansa, ranar da yayar ta samu labarin da ta daɗe tana jira. Sabulun wanki take yi a wata rumfa a tsakar gida, ita da wasu mata biyu, hannuwanta duk sun farfashe saboda soda. Manajar wani babban kanti ta gwada sabulun ta yaba, ta ce za ta sa shi cikin kayan kantin, amma ba a ƙulle cikin leda ba. Sai an yi masa kwali mai suna da kwalliya. Idan kwalin bai yi mata ba, akwai masu jiran wurin. Murna da tsoro suka taru wa yayar, don ba ta taɓa taka gidan ɗab'i ba.

"Yaya, ki bar wannan a hannun masu shi," in ji ƙanen nata, yana gyara zaman tabarau. "Ke dai ki ci gaba da dama sodarki. Harkar kwali harkar ƙwaƙwalwa ce. Daga yau ni ne Daraktan Kwalliya da Hulɗa da Manyan Kantuna."

Haka ya nufi gidan ɗab'i da jakar hannu wadda babu komai a ciki sai cajar waya. Wurin ƙaran inji ne da warin tawada, ga damman kwali an jibge har kusa da rufi. Mai ɗab'i, wani gajeren mutum da aiki ya sha wa kai, ya shimfiɗa masa zanen kwalin a tebur. Kafin a naɗe shi, kwali shimfiɗaɗɗe ne kamar rigar da tela ya yanka bai ɗinka ba. Ya fara nuna masa layin da wuƙa za ta yanka da layin da za a lanƙwasa, sai Darakta ya ɗaga hannu. Shi da ya yi nazarin kwalaye tun yana ƙarami, za a tsaya ana nuna masa layi?

Aka zo kan launi. Darakta ya miƙa wayarsa, ya ce wannan ruwan zinare mai walƙiya yake so. Mai ɗab'i ya ce waya haske take fitarwa, kwali kuwa shan tawada yake yi, launin ba zai zo ɗaya ba. Ya ƙara da cewa tawada huɗu inji yake haɗawa ya fitar da sauran launuka, shuɗi, ja, rawaya da baƙi.

"Huɗu kacal?" Darakta ya yi murmushin tausayi. "Malam, kamfaninmu ya fi ƙarfin huɗu. Ƙara mana biyu."

Da aka ce masa kada rubutu ya kai bakin kwali, don wuƙa takan ɗan kauce, sai ya ba da umarni a gyara wuƙar. Da aka ce wurin ya yi kaɗan, sai ya sa aka ƙanƙance bayanin yadda ake amfani da sabulun, domin muƙaminsa ya samu sararin miƙe ƙafa.

Sai babban al'amari, wato hoto. Jama'a, a cewarsa, ba sabulu suke saye ba, fuskar da ta tsaya wa sabulun suke saye. Na yayar bai dace ba, don ta cika kunya. Nasa da ke cikin wayarsa kuma mai ɗab'i ya ce idan aka faɗaɗa shi zai dushe. Saboda haka Darakta ya ari farar rigar mijin yayarsa, ya sa ta wanke ta goge, ya je aka ɗauke shi tsaye, ƙirji a gaba, hannuwa a goye ta baya.

Ya kai wa mai ɗab'i hoton, da ya dawo ya tarar an ajiye shi a gefen kwali. Ransa ya ɓaci matuƙa.

"Ni a gefe? Ka taɓa ganin shugaba a gefe?" Ya ɗora yatsa a can ƙolin zanen, inda wani ɗan yanki ya fi ko'ina tsawo. "Nan. Ko ɗigo ba na so a saman kaina."

"Ranka ya daɗe, wannan murfi ne, ɗan harshen da ke samansa kuma..."

"Na san murfi."

"To bari a naɗe maka guda ɗaya ka gani kafin a tayar da inji."

"Gwaji na masu shakka ne. Ni da ido nake aiki."

Mai ɗab'i ya daɗe da gane cewa musu da irin waɗannan ɓata lokaci ne. Ya turo masa zanen ya ce ya sa hannu. Darakta ya sa, da wata irin kwana-kwana da ta kusa cinye rabin takardar.

Kwalayen suka iso a shimfiɗe, ɗauri-ɗauri. Gaskiya a shimfiɗen sun yi kyau. Ruwan zinaren ya koma kalar ƙasa-ƙasa, amma ga Darakta nan a sama, tsaye cikin fari. Ya zari ɗaya ya zaga da shi unguwa, ya nuna wa mai shago da mai gyaran babur, har da wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya.

Ranar da manaja za ta zo duba kaya, yayar da matan nan biyu suka zauna naɗi. Ta lanƙwasa na farko, ta manne gefe, ta zura sabulu, ta rufe murfi, ta cusa ɗan harshen ciki yadda aka yi shi don a cusa. Layin lanƙwasa ya faɗa daidai wuyan Darakta. Kai da tabarau da murmushi duk suka shige ciki, suka kwanta jikin sabulu. A kan murfi ba abin da ya rage sai farar riga da tumbi.

Matan biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Yayar kuwa dariya ba ta zo mata ba. Ta zauna riƙe da kwalin tana kallon aikin hannunta yana neman lalacewa. Darakta ya naɗa na biyu da kansa, ya naɗa na uku, kowanne ya haɗiye masa kai. Ya ce zagon ƙasa ne. Ya ce a kira masa mai ɗab'i. Daga ƙarshe ya kawo shawarar ƙwararru, a riƙa sayar da sabulun murfi a buɗe. Yana cikin wannan jawabi manaja ta yi sallama.

Ta ɗauki kwali ɗaya ta jujjuya, ta latsa gefensa ta ji ƙarfinsa, ta karanta sunan sabulun. Ta daɗe tana kallon murfin. 

"Wa ya kawo wannan dabarar?" in ji manaja.

Darakta ya matso, ya gyara murya, amma ba ta jira shi ba.

"Ta yi kyau. Na gaji da masu liƙa min fuskokinsu a kaya. Sabulun wanki, ga wanki fari tas, magana ta ƙare. Hajiya, na karɓa, ki fara kawowa." Ta ɗauki jakarta, sannan ta sake duban murfin. "Sai dai in za a sake bugawa, wannan matashin kai da kuka cusa a cikin rigar, ku sa ƙarami. Ya ɓata mata zama."