Ranar da Na Yi wa Tiyo Aikin Zuciya

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na zama likitan zuciya a ƙofar gidanmu a Bungudu, ni da ba ni da wata sana'a sai sayar da kayan injin ban ruwa a kasuwar Gusau.

Baba ne ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji, ko masallaci zai je sai ya tsaya ya dafa bango. Daga Gusau aka tura mu wani babban asibiti, aka ɗauki hoton jijiyoyin jinin zuciyarsa. Likita ya nuna mana inda wata jijiya ta tsuke. Ya ce daga hoton nan kwamfuta ta auna yadda jini ke wucewa ta wurin, ta kuma nuna yadda gudunsa zai koma idan aka zura wata 'yar ragar ƙarfe mai kamar bututu ta buɗe hanyar. Awon ya nuna Baba zai ji sauƙi sosai, in Allah ya yarda.

Baba ya miƙe. "Ƙarhe cikin zucciyata? Sai ka ce keke! Ku maishe ni gida."

Hankalina ya tashi, don ni na san irin hakin da yake yi. Sai na ce bari in gamsar da shi da kaina. (Dama tun a ofishin likita nake ta gyaɗa kai kamar ajinmu ɗaya.) Ai zuciya inji ce, jijiya kuwa tiyo. Duk Zamfara wa ya fi ni sanin tiyo?

Ranar Juma'a bayan la'asar 'yan dubiya suka cika tabarmi, har da Kawu Sani, ƙanin Baba, da ya zo daga Kwatarkwashi cikin sabuwar farar shadda. Na jawo inji da duro cike da ruwan rafi, da wani tsohon tiyo da ya lanƙwashe a tsakiya. Na tayar da inji, ruwa ya riƙa fitowa tsil-tsil.

"Jama'a, ga jijiyar Baba," na ce, har da gyaran murya.

Na kashe inji, na cusa guntun bututun ƙarfe da sanda har wurin lanƙwasar. Na ce kowa ya matso ya gani da kyau. (Wannan maganar ce har yau nake cizon yatsa a kanta.) Na murɗa inji har ƙarshe.

Fau! Bakin ƙarfen ya farke tiyo. Jan ruwa ya yi sama, ya tuɓe wa Kawu hula, ya rine shaddar, ya kifar da farantin goro. Injina kuwa sai kuka yake ta yi.

Baba ya share fuska a hankali. "To. Hakanga za a yi man?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyar ma da sauƙi. Tsorona shi ne na rufe zancen asibiti da hannuna.

Sai ga Baba yana dariya har da dafe ƙirji. "Shi likita ya ce ya auna tun bai taɓa ba. Kai mi ka auna?"

"Ban auna komai ba, Baba."

"To a kai ni wurin mai awo. Amma wanga yaro a bar shi waje, shi yi tsaron takalma."

An yi aikin, ina waje kamar yadda aka umarta. Yanzu Baba har masallaci yake zuwa bai taɓa bango ba. Ni kuwa sunana ya koma Dokta Tiyo, Kawu ne ya raɗa, kuma ya bi ni har kasuwa.

Na dai koyi darasi: kafin ka tara dattawa ka ce su matso, fara gwada abinka kai kaɗai. In kuma ka ga mai farar shadda, zaunar da shi can baya.